Ciyaman ya san rasit ɗin kasuwa, bai san gidan gajiyayyu ba

Tun watan Oktoban 2024 da Ministan Abuja Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adin 'yan kwanaki su bar titunan birnin ko a kwashe su, ake ta cacar baki a kan mutanen da ke kwana a ƙarƙashin gada da bakin shaguna. Magoya bayan ministan sun ce Abuja fuskar ƙasa ce, bai dace baƙo ya sauka ya fara cin karo da ƙoƙon bara ba. Masu suka sun ce Arewa ake yi wa cin fuska. An zagi gwamnoni, an zagi malaman tsangaya, an zagi iyayen da ke haihuwa su watsar. Mutum ɗaya ne ya fita daga wannan ƙura da farar rigarsa fes, kuma shi ne wanda doka ta ɗora wa aikin kai tsaye: shugaban ƙaramar hukuma. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda yake shakka ya buɗe Kundin Tsarin Mulki na 1999, ya je Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi. A layi na uku an rubuta cewa aikinsu ne su kafa kuma su kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Ba ƙauye aka ce ba, ba birni aka ce ba. Duka 774 ɗin ake nufi, har da guda shida da ke cikin Abujar ita kanta: AMAC (ta ƙwaryar birni), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji.

Abin dariya, ko abin kuka, shi ne ciyamomin nan sun haddace wannan jadawali. Sun san layin da ya ba su kasuwa da tashar mota da mahauta. Sun san wanda ya ba su lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale. Sun san harajin gidaje, da na shaguna, da na allunan talla. Mai tura baro a kasuwar ƙauye ba zai yi sahu biyu ba sai yaron ƙaramar hukuma ya tare shi da rasit. Amma idan dare ya yi, wannan mai baron ya kife baronsa ya shimfiɗa kwali a gefensa ya kwanta, sai hukumar ta manta ta taɓa saninsa. Layin da ke kawo kuɗi doka ne. Layin da ke cin kuɗi kuwa ya zama tatsuniya.

Na san amsar da ake bayarwa: ai ciyaman ɗan amshin shata ne, kuɗinsa na hannun gwamna a asusun haɗaka. Wannan uzuri ya tsufa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Gaskiya ne gwamnoni sun yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. To amma kaso 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya da sunan ƙananan hukumomi yake fita, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai. Ɗan abin da ke isa hannun ciyaman yana isarsa ya naɗa tarin masu ba da shawara, ya raba keken ɗinki da injin markaɗe a gaban 'yan jarida, ya buga fasta mai hotonsa da na gwamna. Ɗaki huɗu da rijiya da makewayi ne kawai suka gagara.

Sai kuma masu cewa duk wanda ke kwana a titi malalaci ne ko ɗan leƙen asirin ɓarayi. Waɗannan ban ga alamar sun taɓa tsayawa sun tambayi ko mutum ɗaya daga ina ya fito ba. Ba kowane mabaraci ne ba shi da wurin kwana ba, kuma ba kowane marar wurin kwana ne yake bara ba. A cikinsu akwai matar da 'yan bindiga suka kashe mijinta a wani ƙauyen Zamfara ko Katsina, ta goyo ɗaya ta ja biyu ta shigo birni, domin a Arewa maso Yamma ba a cika buɗe sansanin 'yan gudun hijira na hukuma ba. Akwai waɗanda suka rasa tudun dafawa bayan gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021. Akwai waɗanda ruwan madatsar Alau ya cinye wa gida a watan Satumbar 2024, da waɗanda ambaliyar Mokwa ta cinye wa nasu a watan Mayun 2025. Akwai tsohuwar da magada suka sayar da gidan da take ciki. Akwai bazawarar da aka saka da daddare, gidan iyayenta kuma babu ɗakin da ya rage. Akwai magidanci mai sana'a, wanda mai gida ya ninka masa kuɗin haya ya ce shekara guda cur yake so a dunƙule. Wannan na ƙarshen har yanzu yana da rufi a kansa, wata ɗaya ya rage masa, kuma da wuya ya samu ƙofar hukuma a ƙasar nan da zai ƙwanƙwasa a saurare shi kafin a watso masa kaya waje.

Akwai wata magana mai daɗin ji da dattawa ke yi, wai a ƙasar Hausa baƙo ba ya kwana a waje. A da haka ne. Akwai zaure, akwai masallacin unguwa, akwai mai unguwa da zai ce wane, sauki wannan bawan Allah. Makafi da kutare suna da sarakunansu da unguwanninsu. Yau zauren ya koma shagon cajin waya ana karɓar haya. Masallatai da yawa ana kulle su bayan sallar isha'i saboda tsaro da ɓarayin batir da fanka. Mai unguwa kuwa an bar masa rawani an ƙwace komai. Tsarin da ya riƙe mutane ya rushe, wanda aka ce ya gaje shi tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 bai ɗauki kayan ba, mu kuma muna nan muna yabon kanmu da karamcin kakanni.

Kwashe mutane a mota kuma an gwada shi har an gaji. A 2013 gwamnatin Legas ta Babatunde Fashola ta ɗebi wasu marasa galihu ta sauke su a Onitsha, aka yi ta surutu har gwamnan ya ba da haƙuri. A shekarar ce Kano ta yi dokar hana bara zamanin Rabi'u Kwankwaso. A farkon 2020 Abdullahi Ganduje ya sake shelar hana almajirai bara. Watanni kaɗan bayan haka, lokacin kullen korona, gwamnonin Arewa suka yi ta musayar almajirai a manyan motoci, wannan ya tura wa wancan, wasu yaran ma aka same su da cutar bayan sun sauka. Ina sakamakon? A je a tsaya a kowace babbar mahaɗa a Kano ko Kaduna da yamma a ƙirga. Wanda aka mayar garinsu yana dawowa ne saboda abin da ya kore shi yana nan, kuma a hedikwatar ƙaramar hukumarsa babu wanda aka ɗora wa alhakin karɓarsa.

A Ingila, dokar 2017 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta fara taimakon mutum tun saura kwana 56 ya rasa gida, ba sai ya kwana a titi ba. Su ma can kukan kuɗi suke, kuma masu kwana a waje ba su ƙare ba. Amma akwai ofishi, akwai jami'in da za a kama da laifi idan ya ƙi. Mu namu sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulki ya yi alkawarin matsuguni ga kowane ɗan ƙasa, sai sashe na 6 ya zagayo ya ce ba a kai gwamnati kotu a kan irin wannan alkawari.

Ba gidaje dubu nake nema daga ciyaman ba, wannan ya fi ƙarfinsa. Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace da kansilanta da ke ɗaukar albashi. Kansila da mai unguwa sun san wace ce aka kora jiya, sun san gidan da ya rufta da damina. A ba su rajista su rubuta. A gyara ɗaya daga cikin gine-ginen hukuma da awaki ke kwana a ciki, a ware ɓangaren mata da yara. A sa wani ya shiga tsakanin ɗan haya da mai gida kafin magana ta kai kotu. A zauna da masu raba zakka da waƙafi, tun da su ma neman mabuƙata na gaskiya suke.

Idan kuma wani ciyaman ya ce layi na uku na jadawalin ya fi ƙarfinsa, sai majalisar jiharsa ta tambaye shi da wane ƙarfin yake karɓar kuɗin baro a layi na huɗu.