Shugaban Laburaren da Ba a Koya wa Shugabanci Ba

A yawancin jihohin Arewacin Najeriya, hanyar da mutum yake bi ya zama shugaban ɗakin karatu na jama'a ita ce daɗewa a aiki. Wanda ya gama digiri a fannin laburare yakan shiga aikin gwamnati a mataki na 8, ya riƙa samun ƙarin girma bayan 'yan shekaru idan an yi sa'a ba a riƙe ba, har wata rana takarda ta fito cewa shi ne zai riƙe reshe ko sashe, ko ma hukumar gaba ɗaya. Daga wannan rana ya zama mai kula da ma'aikata, da gini mai yoyo, da janareta mai shan mai, da kasafin kuɗin da zai kare a gaban mutanen da wataƙila ba su taɓa taka ƙofar laburaren ba. A duk tsawon shekarun da ya yi kafin ya kai nan, da wuya a ce wani ya zaunar da shi ya koya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka. A ganina wannan giɓi yana cikin manyan dalilan da suka sa ɗakunan karatunmu suke mutuwa a tsaye, kuma ba a cika ambatonsa ba domin kukan rashin kuɗi ya danne kowane kuka.

Ba za a ce Arewa ta rasa makarantun koyon wannan sana'a ba. Tun bayan taron da hukumar UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 a kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka aka fara ɗaukar aikin laburare a matsayin sana'ar da take buƙatar karatu na musamman. An kafa ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya a 1962, sannan rahoton da wani masanin laburare mai suna F. A. Sharr ya rubuta a 1963 a kan buƙatun Jihar Arewa ta fuskar ɗakunan karatu ya share fagen buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1968. Daga baya Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suka bi sahu, kuma a 1995 aka yi dokar da ta kafa majalisar rajistar ma'aikatan laburare, wato LRCN. Waɗannan makarantu sun yaye mutane da suka san rarraba littattafai da rubuta bayanansu da taimaka wa mai bincike. Ana kuma koyar da darasin gudanarwa a cikinsu, amma darasi ne da ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai yake haddacewa don cin jarrabawa, ya ajiye shi har tsawon shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ranar buƙatarsa ta zo, alhali a lokacin dokokin kuɗi da kayan aiki da su kansu masu karatun duk sun sauya.

Babban abin da shugaban laburare yake buƙata, kuma wanda ya fi rasawa, shi ne iya neman kuɗi a cikin tsarin gwamnati. Hukumar ɗakunan karatu ta jiha galibi tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ne, inda take gogayya da makarantun firamare da na sakandare da kuɗin jarrabawa da ciyar da ɗaliban kwana, kuma a irin wannan jeri laburare ne na ƙarshe. Idan takardar kiran kasafi ta fito daga ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, abin da hukumomi da yawa suke yi shi ne su ɗauko na bara su ƙara wani abu a kai su miƙa. Idan aka je gaban kwamitin majalisar dokoki don kare shi, sai a yi jawabi a kan muhimmancin karatu ga al'umma, jawabin da babu wanda yake musunsa kuma babu wanda yake sakin ko kwabo saboda shi. Ko an amince da kuɗin a takarda, aikin bai ƙare ba, domin tsakanin amincewa da saki akwai rubuta takardar neman izini, da bin fayil daga ofishin babban sakatare zuwa na kwamishina zuwa na akanta janar, da sanin ƙa'idojin sayen kaya na gwamnati don kada odita ya dawo da tambaya. Wannan ilimi ne da ake koyo, kuma hukumomin da suke samun rabonsu a kai a kai suna da mutanen da suka ƙware a kansa.

Abin da yake ba mai kare kasafi ƙarfi shi ne lissafi na gaskiya, kuma a nan ma akwai rauni. A bakin ƙofar kusan kowane laburare akwai littafin rajista da masu shiga suke sa hannu, amma idan ya cika ana jefa shi a kabad ne. Shugaban da aka horar zai mai da wannan littafi hujja. Zai san mutum nawa suke shiga a rana, da wace sa'a aka fi cika, da yawan mata a cikinsu, da yadda adadin yake hauhawa idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, da mutum nawa suke juyawa saboda babu kujera ko babu fanka. Wanda ya iya gaya wa ɗan majalisa cewa matasa kaza daga mazaɓarsa suna komawa gida kowane mako don ba su sami wurin zama ba, ya yi magana da yaren da ɗan siyasa yake ji. Haka kuma tun da hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta a 2015, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya zama yana da buƙatar da laburare zai iya biya masa, kuma wannan buƙata ce da ake iya ƙirgawa a rubuta a takarda.

To, ai ana yin bita, in ji mai musu. Ana yi, amma ya kamata a dubi wanda yake zuwa da abin da yake dawowa da shi. Taron bita a aikin gwamnati ya zama wata hanya ta rabon alawus, saboda haka sunayen da suke fita su ne na manya, har da waɗanda saura musu shekara ɗaya ko biyu su cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya su yi ritaya. Ana tafiya Abuja ko Legas, a zauna kwana uku a otal ana sauraron maƙala, a karɓi jaka da takardar shaida, a dawo a saka takardar a fayil don ranar tantance ƙarin girma. Ba a tambayar wanda ya je ya tara abokan aikinsa ya koya musu abin da ya ji, ba a kuma dawowa bayan wata shida a duba ko wani abu ya sauya a zauren karatu. Ba ina cewa waɗannan taruka ba su da amfani ko kaɗan ba, domin a nan ne ma'aikata suke sanin juna, suke jin abin da ake yi a wasu jihohi. Amma idan kuɗin horon da hukuma ta samu a shekara bai wuce na tura mutum biyu otal ba, ya fi kyau a kashe shi wajen gayyato mai koyarwa ɗaya ya yi mako guda a cikin laburaren tare da kowa, a gaban kantocin da za a gyara da kwamfutocin da za a yi aiki da su.

Na ce tare da kowa ne saboda mai karatu ba ya ganin darakta. Wanda yake gani shi ne maigadi, da mai karɓar jaka, da ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a teburin bayar da littafi, wanda sau da yawa ba shi da takardar fannin laburare, an dai turo shi ne daga wata ma'aikata. Waɗannan su ne suke yanke hukuncin ko yarinya 'yar sakandare da ta shigo a ɗarare za ta sake dawowa, da ko almajirin da ya leƙo za a kore shi ko a nuna masa inda littattafan Larabci suke, da ko makaho ko gurgu zai sami wanda zai tashi ya taimaka masa. Su ne kuma ba a taɓa sa sunansu a jerin masu zuwa kwas. Koya musu tarbar mutane, da mayar da littafi gurbinsa daidai, da gane alamar gara da laima tun kafin su cinye kanta, ba ya buƙatar tafiya ko'ina. Yana buƙatar shugaban da ya ɗauki koyarwa a matsayin wani ɓangare na aikinsa, ya ware mata sa'a ɗaya a mako kafin a buɗe ƙofa.

Akwai kuma hukunce-hukuncen da sai mai ilimi da ƙarfin hali yake iya yankewa. Kantocinmu cike suke da littattafan kyauta da aka aiko daga ƙasashen waje shekaru da dama da suka wuce, na likitanci da na kwamfuta da zamani ya bar su a baya, waɗanda riƙe su ya fi cutarwa a kan zubar da su. Ma'aikaci yana tsoron cire su ne saboda an rubuta su a matsayin kayan gwamnati, kuma bai san hanyar da ƙa'ida ta tanada ta soke kaya daga lissafi ba. A gefe guda, littattafan da mutanen gari suke nema da gaske, kamar ƙagaggun labaran Hausa da ake bugawa a Kano da littattafan addini na Larabci da Ajami, da yawansu ba su da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ba sa kuma zuwa ta hannun 'yan kwangila, sai wanda ya san kasuwa ya je ya sayo. Tsarin Dewey na rarraba littattafai da lambobi da galibin ɗakunan karatu na jama'a suke bi ya cusa Musulunci gaba ɗayansa a lamba 297, alhali a Kano ko Sakkwato ko Katsina wannan fanni kaɗai zai iya cika zaure, saboda haka dole ma'aikaci ya san yadda zai faɗaɗa lambar ya tsara ta yadda mai neman fiƙihu ba zai yi ta lalube a cikin tafsiri ba. Duk wannan sai da horo mai ci gaba, da shugaban da zai tsaya wa ma'aikacinsa idan tambaya ta zo daga sama.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi ita ce, idan aka horar da mutum sai ya gudu. Wannan gaskiya ne, kuma dalilinsa a fili yake. Ma'aikacin laburaren jami'a ana lissafa shi cikin malamai, albashinsa ya fi, kuma asusun TETFund na tallafa wa ilimi mai zurfi yana ɗaukar nauyin ƙaro karatu da halartar taruka ga malaman manyan makarantun gwamnati, yana kuma ba da kuɗin bunƙasa ɗakunan karatunsu, alhali dokarsa ba ta kai ga laburaren jama'a ba. Saboda haka duk matashin da ya yi digiri na biyu yana aiki a hukumar jiha, idonsa yana kan jami'a ko kwalejin ilimi. Amma hana horo bai taɓa riƙe kowa ba, domin mai ƙoƙari zai biya wa kansa karatun ya tafi, wanda ya rage kuma ya ci gaba da zama ba ilimi. Abin da ya dace shi ne a ɗaure horo da yarjejeniyar yin aiki na wasu shekaru bayan dawowa, kamar yadda ƙa'idar aikin gwamnati ta riga ta tanada ga mai tafiya ƙaro karatu da albashi, sannan a ba wanda ya dawo wani aiki na gaske da zai riƙe, domin sau da yawa abin da yake korar matashi shi ne ya dawo da sabon ilimi a ce ya koma teburinsa ya jira lokacinsa.

Kayan gyaran suna kusa, kuma yawancinsu ba su da tsada. Cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya ta shafe shekaru masu yawa tana horar da ma'aikatan gwamnati da na ƙananan hukumomi, kuma babu abin da zai hana a haɗa malamanta da na sashen laburare na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru su tsara gajeren kwas a kan kasafi da kula da ma'aikata da rubuta rahoto, wanda za a wajabta wa duk wanda za a ba riƙon reshe kafin ya karɓi makulli. Rassan ƙungiyar ma'aikatan laburare na jihohi za su iya shirya musayar aiki, a tura ma'aikacin laburaren jiha ya yi wata ɗaya a laburaren jami'ar da ke garinsu ya ga yadda ake amfani da manhajar Koha ta tafiyar da ayyukan laburare, wadda kyauta ce, ba ta buƙatar kuɗin lasisi. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka, wato AfLIA, mai hedkwata a Accra ta gudanar da shirye-shiryen horar da shugabanni musamman don ma'aikatan ɗakunan karatu na jama'a a Afirka, wasu kwasa-kwasanta kuma ta intanet ake yi, abin da ake buƙata daga hukuma kawai shi ne ta ba ma'aikaci lokaci da kuɗin data.

Nauyi mafi girma yana wuyan majalisar LRCN da hukumomin kula da ma'aikata na jihohi. Muddin abin da ake ƙirgawa a ranar ƙarin girma shi ne yawan takardun shaidar halartar taro, takardun ne mutane za su ci gaba da tarawa. Idan aka mayar da tambayar ta zama me ma'aikaci ya sauya a reshensa tun ƙarin girmansa na baya, mutum nawa ya koyar, kuma nawa ya iya fitarwa daga cikin kuɗin da aka amince wa reshen, to kowane mai neman hawa mataki na 14 zai nemi wanda zai koya masa bin fayil da karanta takardar kasafi tun kafin a tura shi.