Laburare ba wurin ajiye wanda aka gaji da shi ba ne

Tun da labarin naɗin nan ya fito daga wannan ma'aikata ta nan Zariya, wadda ba sai na kama sunanta ba tunda yawancinku kun san ta, nake jin mutane suna cewa a yi haƙuri, wai ai sashen laburare ne, ba wani wuri mai maiƙo ba. Ni dai ban ga abin haƙuri a nan ba. An ɗauko mutum daga sashen sufuri bayan ya samu saɓani da mai gidansa, an ɗora shi a kan laburare da ɗakin adana takardu, alhali a cikin sashen akwai baiwar Allah mai digiri na biyu a fannin, wadda ita ce take riƙe da aikin tun kafin tsohon shugaban ya yi ritaya. Wannan zalunci ne a kanta, kuma cutarwa ce ga ma'aikatar, har ma ga shi wanda aka naɗa, domin an ba shi abin da bai koya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a Zariya aka yi wannan. A garin nan ne Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da ilimin laburare tun 1968, kuma daga harabarta ta Samaru ne ɗimbin waɗanda suka riƙe laburarorin Arewa suka fito. A nan Laburaren Kashim Ibrahim yake, a nan Laburaren Kennedy na harabar Kongo yake. Cibiyoyin bincike da horo sun kewaye mu: ta aikin gona a Samaru, ta dabbobi a Shika, ta sinadarai a Basawa, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga cibiyar fasahar sufuri. Duk wanda ya yi aiki a irin waɗannan wurare ya san cewa bincike ba ya tafiya sai da mai tsare bayanai. Idan a wani gari ne aka kasa gane cewa wannan aiki na ƙwararru ne, sai a ce rashin sani. A Zariya babu wannan uzuri.

Kuma ba ra'ayina ba ne kaɗai, doka ce ta faɗa. Tun 1995 aka kafa hukumar yi wa jami'an laburare rajista ta ƙasa, wato LRCN, aka ba ta ikon fayyace wanda ya cancanci a kira shi jami'in laburare da irin ilimin da dole ya mallaka. Babu ma'aikatar da za ta ɗauko direba ta ba shi shugabancin sashen kuɗi don kawai ya ɓata da wani, saboda kowa ya san masu binciken kuɗi za su zo a ƙarshen shekara. Ɓarnar da ake yi wa laburare kuwa ba ta fitowa da wuri. Sai bayan shekaru, ranar da aka shiga kotu a kan fili ko kwangila, aka nemi yarjejeniyar asali aka rasa, ko ranar da aka sake biyan masu ba da shawara miliyoyi su yi binciken da ma'aikatar ta riga ta yi, rahotonsa yana cikin kwali a sito gara tana ci.

Wasu sun ce mini shugabanci daban, ƙwarewa daban, mai iya tafiyar da jama'a zai iya riƙe kowane sashe. Na ji, amma a sashen mutum huɗu ko biyar shugaba shi ne yake yanke shawarar wace mujalla za a biya wa kuɗi, wane fayil za a ajiye, wane za a ƙona, wa zai ga takardar sirri, wa ba zai gani ba. Wanda bai san bambancin tsarin jera littattafai na Dewey da na Laburaren Majalisar Amurka ba, bai taɓa jin manhajar tafiyar da laburare ta Koha ba, bai san cewa cibiyoyin gwamnati da na ilimi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna samun dubban mujallun noma da lafiya ta hanyar shafukan intanet na AGORA da HINARI ba, da me zai yanke wannan shawara? Zai sa hannu ne a kan abin da na ƙasa da shi suka rubuta, su yi aikin, shi ya karɓi alawus. Masu cewa intanet ta kashe laburare kuwa, su je su nemo mini rahoton majalisar gudanarwar ma'aikatarsu na shekara goma da suka wuce a Google.

Hasali ma nauyin ƙaruwa ya yi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su tsara takardunsu, su kuma amsa wa mai neman bayani cikin kwana bakwai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni da hukumomi alhakin yadda suke tattara bayanan mutane da yadda suke ajiye su. Waɗannan ayyuka biyu a kan teburin mai adana bayanai suke sauka, ko an gane ko ba a gane ba. Ma'aikatar da take da hankali a yau horar da jami'in laburarenta za ta yi a kan waɗannan dokoki, ta ba shi kujera a taron shugabannin sassa, domin ya ji abin da ake shirin yi tun kafin a zo masa da gaggawa ana neman takarda.

Amma a ina ake yin haka? Idan aka raba kuɗin horo na shekara, akanta zai tafi taron ƙungiyarsu, injiniya zai tafi nasu, lauya ba a ko tambayarsa. Jami'in laburare ya rubuta takardar neman zuwa taron shekara na ƙungiyar laburare ta ƙasa, wadda take nan tun 1962, sai a rubuta masa babu kuɗi. Kwas na koyon shugabanci da ake tura manyan ma'aikata, da wuya ka ga sunansa a ciki. Bayan an hana shi duk wannan na tsawon shekaru, ranar da kujera ta faɗi sai a ce bai da gogewar shugabanci. Wanda ya hana shi gogewar shi ne kuma yake kafa hujja da rashinta, kuma abin da aka yi wa wannan baiwar Allah ke nan.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka 'yan uwana masu wannan sana'a, mu ma da abin da ya kamata mu ji. Da yawa daga cikinmu muna zaune a bayan kanta muna jiran a zo, rahotonmu na shekara bai wuce yawan littattafai da yawan waɗanda suka shigo ba. Manajan darakta ba ya tunani da wannan lissafi. Abin da zai saurara shi ne a ce masa bana mun nemo wa sashen shari'a takardu kaza a cikin awa kaza, mun hana a sayi abu kaza sau biyu, mun tara wa masu rubuta buƙatar tallafi hujjojin da suka sa aka samu kuɗin. Dole jami'in laburaren kamfani ya koyi karanta kasafin kuɗi, ya koyi rubuta taƙaitaccen bayani mai shafi ɗaya, ya san sana'ar gidan da yake yi wa aiki, idan taki ne taki, idan jirgi ne jirgi. Ya yi rajistarsa, ya sabunta ta a kan kari. Duk da haka, ko da mun gaza a nan, maganinsa horo ne, kuma gazawarmu ba ta halatta a miƙa sashen ga wanda ake son a huce haushi a kansa.

Ina kira ga reshen ƙungiyarmu na Jihar Kaduna da ya rubuta wa wannan ma'aikata a hukumance, cikin ladabi, ya tuna mata da dokar 1995. Sannan a duba halin ɗaliban da ake turowa irin waɗannan wurare koyon aiki daga Samaru. Yaro ya yi watanni yana jigilar fayil da ɗaukar hoton takardu, babu wanda ya zauna da shi ya nuna masa yadda ake tsara kundi ko yadda ake amsa tambayar mai bincike, ya koma makaranta da littafin rahoto cike da sa hannu. Malaman da ke zuwa duba su, don Allah ku riƙa tambaya wa ke koya musu, da kuma abin da shi mai koyarwar ya karanta, kafin ku sake tura wasu baɗi.