Ziyarar jikoki ko gadin falo?

Ni fa wannan "Hajiya ki zo ki ɗan kwana mana biyu" ta fara isata. Daga Sakkwato zuwa Kaduna ba nan kusa ba ne. Ki yi sammako ki tafi tasha, mota ta ƙi cika sai hantsi ya dubi ludayi, sannan a bi ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, kowa na jan carbi saboda halin da hanyar take ciki. Ki isa da dare ƙafafu a kumbure.

To, kin isa ɗin, sai me? Ɗan naki ya fita tun da sassafe, matarsa ma aiki, yara boko, daga boko islamiyya. Wuni guda daga ke sai 'yar aiki da talabijin. Da yamma su shigo, ko durƙuso babu, a tsaye za a jefo miki gaisuwa da Turanci, kowa ya ja waya ya lafe a kujera. Na ce wa ƙaramin, "Maigidana, ina kuɗin cefane?" Sai ya zuba mini ido, wai bai gane ba. Jikan Basakkwaciya bai san wasan kaka ba!

Tsarabar ma abin haushi. Kilishi kaɗai suka taɓa. Furar da na sa aka daka, da daddawa da garin kuka, suna can an tura lungun kicin, su dai a dafa musu Indomie.

Ranar komawa ce kawai kowa ke samun lokaci: a jeru a ɗauki hoto, a sa a WhatsApp, wai "Hajiya ta zo mana". Ni kuwa sai na yi jinyar baya kafin in iya zuwa ko barkar suna a Mabera.