Kuɗin lafiyar jama'a a hannun ƙungiyoyin agaji: wa ke duba su?

A ƙarshen shekarar 2017, ƙungiyar Red Cross ta duniya ta fito ta amsa cewa kusan dala miliyan 6 sun salwanta ta hanyar almundahana a lokacin yaƙi da Ebola a Afirka ta Yamma. A Saliyo wasu ma'aikatanta ne suka haɗa baki da na wani banki, a Gini takardun kwastan na bogi aka ƙirƙira, a Laberiya kuma aka ƙara wa kaya farashi. Duk wannan ya faru ne ana tsakiyar annobar da ta ci rayuka fiye da 11,000, 'yan sa-kai na ita wannan ƙungiya suna sayar da ransu wajen binne gawawwaki.

Ban kawo wannan don ɓata sunan kowa ba, binciken ƙungiyar da kanta ne ma ya tono shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda gwamnatoci ke sakin jiki da zarar sun ji kalmar "agaji". Idan ma'aikatar lafiya ta miƙa wa ƙungiya kuɗi don ta raba maganin cutar ƙanjamau ko ta yi wa yara rigakafi, kuɗin nan na baitulmali ne har gobe, kuma mai biyan haraji yana da haƙƙin sanin inda kowane kaso ya shiga.

Matsalar takan fara ne daga kwamitin amintattu. A takarda, su ne ke sa wa shugaban ƙungiya ido. A zahiri, sau da yawa shi ya zaɓo su: abokinsa, surukinsa, da wani babban mutum da aka ara sunansa don ya ƙawata takardar neman tallafi. Su hallara sau ɗaya a shekara, a karanta musu rahoto, su sa hannu, a ɗauki hoto. Wa zai iya duban wanda ya kawo shi ya ce, "Wannan kwangilar, me ya sa aka ba ƙaninka?"

Sai kuma binciken kuɗi, wanda galibi a kan rasit yake tsayawa. Rasit kuwa ba ya wuyar samu. Takardar mahalarta taron bita mai ɗauke da sunaye 40, duk da rubutun hannu ɗaya da biro ɗaya, tana iya wucewa lami lafiya idan lissafin ya daidaita. Mai binciken da zai je ɗakin shan magani ya buɗe firij, ya ƙirga allurai, ya tambayi uwa ko an yi wa ɗanta rigakafin da aka rubuta, shi ne ake buƙata. Wannan aiki yana cin kuɗi, kuma masu ba da tallafin da ke matsa wa ƙungiyoyi su rage kuɗin gudanarwa har su kasa ɗaukar ƙwararren akanta suna da nasu laifin.

Akwai wani gefe da ke buƙatar hattara. A 2011, bayan babban mai binciken asusun Global Fund, asusun duniya na yaƙi da cutar ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, ya bankaɗo ɓarnar kusan dala miliyan 34 a Mali da Mauritaniya da Zambiya da Jibuti, Jamus ta dakatar da gudummawarta na wani lokaci. Na fahimci fushin, amma idan duk wanda ya fallasa ɓarnar gidansa za a yanke masa tallafi, sauran za su koyi yin gum da baki. Kuma ranar da aka rufe famfon kuɗi, mai tarin fuka da ke tsakiyar shan maganin wata shida ne zai fara ji a jikinsa.

Don haka ya kamata sharaɗin ya zo tun kafin a saki kuɗi: amintattun da ba su da alaƙar jini ko ta kasuwanci da shugaba, wa'adin da suke sauka, kariya ga ma'aikacin da ya tsegunta ɓarna. A kuma wallafa yarjejeniyar a intanet, a liƙa ta a bangon asibitin da aka ce ana yi wa aiki, yadda nas ɗin da ke wurin za ta karanta adadin maganin da aka ce an kawo mata, ta gwada da abin da ke cikin sitonta.