Hular kwano tana kare kai, amma wa dokarta take kamawa?

A watan Fabrairun 2022 hukumar lafiya ta gundumar King, wadda birnin Seattle na Amurka yake cikinta, ta soke dokar da ta wajabta wa duk mai hawa keke sanya hular kwano. Mutum 11 suka amince, biyu suka ƙi. Hukumar lafiya fa na ce, ba ƙungiyar 'yan tseren keke ba. Ni kam ina ganin sun yi daidai, duk da cewa ba zan bar ɗana ya hau keke a babban titi kansa ba hula ba.

Abin mamakin shi ne, daga Seattle ɗin aka samo hujjar da duniya ta daɗe tana kafawa. A 1989 wasu masu bincike suka bi bayanan waɗanda aka kai asibitocin birnin bayan hatsarin keke, suka ce hular kwano tana rage raunin kai da kashi 85 cikin ɗari. Binciken da aka yi daga baya ya sauko da adadin zuwa kusan rabi, amma rabi ɗin ma ba abin wasa ba ne ga wanda ya taɓa jinyar mai rauni a ƙwaƙwalwa. Gundumar King ta kafa dokarta a 1993, aka shigar da Seattle ciki a 2003. Tarar dala 30 ce, kafin a ɗora kuɗin kotu ta kai 81.

Babu wanda ya zo gaban hukumar ya ce hular ba ta da amfani. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da aka kawo shi ne takardun tarar da 'yan sanda suka rubuta tun daga 2003, aka zauna aka ƙirga su. Sai ga shi baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar shan tara kusan sau huɗu, idan aka gwada da yawan masu hawa keke a kowane ɓangare. Kafar labarai ta Crosscut ta duba na 2017 zuwa gaba, ta tarar fiye da kashi 40 cikin ɗari na takardun marasa matsuguni aka rubuta wa, mutanen da ke kwana a tanti ko ƙarƙashin gada.

A tsaya a nan tukuna. Mutumin da bai san inda zai kwana ba, keken nan shi ne motarsa, shi ne jakinsa, da shi yake ɗaukar ɗan bargonsa. An ce ya kawo dala 81. Ba shi da ita, ba shi kuma da adireshin da takardar kotu za ta same shi, bashin ya hau kansa ya zauna. Tarar ba ta saya masa hula ba. Gobe zai sake fitowa kansa a buɗe kamar jiya, sai dai yanzu da bashi. Akwai wani mai sayar da jaridar Real Change, wadda marasa galihu ke talla a titunan birnin, da mota ta buge shi a 2019. Yana cikin ciwo aka rubuta masa tarar rashin hula. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Shi kuwa ma'aikacin ofis da ya ɗauki keken haya da wayarsa ya nufi aiki kai ba hula, wucewa yake yi ta gaban ɗan sanda ba a ko ɗaga kai. Idan dubbai suna karya doka a rana guda, ana kama ɗaya ko biyu, to zaɓe ake yi. Mai zaɓen kuma ɗan Adam ne, idonsa ya san wanda yake nema. Hular ta zama ƙofar shiga kawai: a tsayar da kai, a tambayi sunanka, a duba ko ana nemanka, a leƙa jakarka.

Mu da muka ga watan Janairun 2009 a Kano ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar 1 ga watan hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sanya hular kwano. Kuɗin hula ya tashi nan take. 'Yan acaɓa suka koma kifa ƙwarya a ka, a shafa mata fenti, a ɗaure da igiya a haɓa, wasu kuma robar fenti. Fasinja yana ƙyamar hular da wani ya cire da gumi, wani yana tsoron an yi mata asiri. Duniya ta yi ta dariya, amma ɗan acaɓan ya fahimci dokar sarai. Ya gane abin da ake so a gani a mahaɗar titi, shi ya nuna. Babur ba keke ba ne, gudunsa ya fi, kuma ban ce a cire wa mai babur hula ba. Ina dai tuna mana yadda doka take komawa idan aka fara da kame kafin a tanadi abin da ake kamen a kansa.

Likitocin da ke karɓar masu hatsari a Seattle sun yi adawa da sokewar, kuma ba zan raina maganarsu ba. Su ne suke tsayawa gaban uwa su gaya mata ɗanta ba zai sake gane ta ba. Tsoronsu shi ne mutane su ɗauka hukuma ta ce hular ba komai ba ce. Sai dai a birnin, kusan tara cikin goma na masu hawa kekensu na kansu suna sanya hula, a lokacin da 'yan sanda suka riga suka yi sanyi da rubuta tarar. Sabo ne ya riƙe su, da ganin kowa yana yi. Gundumar kuma ta ware fiye da dala dubu 200 don raba huluna da wayar da kai, wanda ya fi kusa da kan mara gida fiye da takardar kotu.

Akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba. Jihar Victoria ta Ostareliya ce ta fara irin wannan doka a 1990, kuma ƙidayar da aka yi bayanta ta nuna raguwar masu hawa keke, musamman matasa, ko da yake har yau masana suna jayayya kan yawan ragin. A Seattle, shirin keken haya na Pronto ya buɗe a 2014 ya rufe a 2017. Tuddan birnin da ƙarancin tashoshi sun taimaka wajen kashe shi, amma wa yake yawo da hular kwano a jaka don ko zai buƙaci keke na minti goma? Idan masu keke suka ragu a titi, direba yakan daina sa ran ganinsu, wanda ya rage kuma ya fi shiga haɗari.

A Amsterdam, babban birnin ƙasar Holan, da wuya ka ga hular kwano a kan mai zuwa kasuwa. A 1971 fiye da mutum 3,000 suka mutu a titunan Holan, sama da 400 cikinsu yara. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Abin da ya biyo baya shi ne hanyar keke daban da ta mota, da dakali a tsakani, da rage gudu a cikin unguwa. Ba aljanna ba ce: a 2022 masu keke 291 suka mutu a ƙasar, da yawansu tsofaffi, kuma likitocinsu yanzu suna roƙon mutane su sa hula, musamman masu keken lantarki. Roƙo suke yi dai, da talla, da rangwame. Har yanzu ba a tura ɗan sanda ya tsayar da tsohuwa mai kwandon burodi ba.