Garin "sitem sel" ba ya warkar da cutar kansa

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Facebook ko WhatsApp sai ka ci karo da masu tallan wani gari a ƴar leda wai shi sitem sel, wai ka zuba ƙarƙashin harshe ya kashe cutar kansa, suga, hawan jini har da sikila. Abin da ya fi ci min rai shi ne mace mai kansar nono ta bar asibiti ta sayar da ƴan kunnenta ta sayi wannan gari, sai ƙullutun ya fashe sannan a kwaso ta a dawo da ita, lokacin da likita ba shi da ta cewa.

Sitem sel na gaske, wato ƙwayoyin asali masu rabuwa su haifar da wasu ƙwayoyin, gaskiya ne akwai su a jiki. Tun 1961 masana Till da McCulloch suka nuna su a ɓargon ɓera a Toronto, su ne ke haifar da jini, kusan jan ƙwayoyin jini miliyan 2 duk daƙiƙa. A 2007 Hans Clevers a Holand ya gano na hanji, masu sabunta fatar cikin hanji a ƴan kwanaki.

To ga abin da ƴan talla ba sa faɗa. Wannan baiwar ta rabuwa ba iyaka ita ce cutar kansa ke hawa kai, ƙwaya ta samu tangarɗa ta ci gaba da haihuwa ba birki. A 1997 Bonnet da John Dick sun nuna cewa a wani nau'in kansar jini ƴan ƙwayoyi kaɗan masu halin na asali ne ke riƙe cutar, shi ya sa ake zargin su idan ciwo ya dawo bayan magani. A 2009 likitoci a Isra'ila suka ba da rahoton wani yaro da aka yi wa allurar ƙwayoyin asali a Mosko, ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa. Abin da masana ke taɓawa da tsoro shi ake tallatawa kamar ƙuli-ƙuli.

Garin kuma yawanci daga tuffa da inabi ake cewa an yi shi, ƙwayar itace ba ta zama ƙwayar mutum, ciki zai narkar da ita kamar tuwo. Masu cewa "ai wance ta sha ta samu sauƙi" su kawo sakamakon gwajin asibiti.

Maganin gaske da ƙwayoyin asali shi ne dashen ɓargo, irin wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, da makonni a kwance da kuɗi masu yawa. Ya kamata NAFDAC ta bi masu tallan nan, gidajen rediyo kuma su daina karɓar kuɗinsu.