Littafin Bashin Mai Shago

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan'uwa.

Idan shago ya rufe a unguwa, sai ka ji ana cewa kasuwa ce ta yi masa halinta, ko a ce jari ya karye. Ba a cika tambayar wanda ya karya jarin ba. Da za a buɗe littafin bashin mai shagon, ba sunayen baƙi za a gani ba. Sunayenmu ne, mu da muke tsayawa sahu ɗaya da shi sau biyar a rana, muke cin tuwon sunan 'ya'yansa.

Mu yi lissafi, don wannan zaluncin a cikin ƙananan kuɗi yake ɓuya. Katan ɗin taliya leda 20 ne. A ce mai shago ya saro shi a Kasuwar Singa ta Kano naira 19,000, kuɗin mota da ɗan dako suka ci 400, yana sayar da leda ɗaya 1,000. Ribarsa a katan guda naira 600 ke nan. Leda ɗaya da aka ɗauka ba a biya ba ta cinye wannan ribar duka, ta kuma gutsuri 400 daga uwar kuɗi. Leda uku kuwa sun tafi da ribar katan biyar. Ko an biya shi bayan wata uku, idan katan ya koma 21,000 a wajen sari, dubu ɗayan nan ba za ta mayar masa da ledar da ya bayar ba. Haka kanta ke raguwa a hankali. Wanda ya saba saro katan goma ya koma shida, mai saye ya zo bai samu abin da yake nema ba ya wuce gaba, ciniki ya ƙara ja baya, ga kuɗin haya yana nan yadda yake.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Ya kuma ce wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa da niyyar salwantarwa Allah zai salwantar da shi. Shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi. To ina ga mai albashin da kuɗi ke shiga wayarsa ƙarshen wata, ya sayi data, ya zuba adashi, ya yi ɗinkin anko, mai shago kuma ya ji "sai wani watan"?

Mafi muni shi ne wanda bashi ya yi masa yawa sai ya sauya hanya. Ya daina bi ta ƙofar shagon, tsabar kuɗinsa kuma ya kai wani shago a wata unguwa don kunya. Ya riƙe wa bawan Allah jarinsa, ya kuma hana shi cinikin da zai farfaɗo da shi. Ɗan'uwa, idan abin ya fi ƙarfinka, ka je da ƙafarka ka ce, "Malam, ga dubu biyu, saura zan riƙa kawo dubu ɗaya duk Juma'a," sannan sayayyarka ta yau da kullum ta ci gaba a wurinsa, kuɗi hannu. Shi ma mai shago, Allah ya umarce shi a Suratul Baƙara, aya ta 280, da ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Amma wannan ayar ta mai ƙunci ce, mai hali ba shi da rabo a cikinta.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a wannan surar, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutun kuwa ba "Gidan Alhaji: 7,500" ba ne. A sa kwanan wata, sunan kaya, adadinsa, farashinsa a ranar, wanda ya karɓa, da ranar da aka yi alkawarin biya. Yawancin rigimar bashin shago daga aiken yara take tasowa: yaro ya zo da baki ya ce an ce a ba da, maigida ya ce shi bai aika ba. Maganinsa maigida ya faɗi tun farko wa aka yarda ya karɓa, kowane gida kuma a yanka masa iyakar da ba za a wuce ba sai an rage na baya. Wanda ya ji haushi don an rubuta sunansa, da ayar Allah yake fushi.

Sai taya kaya. Mutum zai shiga babban kanti a birni ya biya abin da ke manne a jikin kaya ko uffan bai ce ba, ya dawo gari ya tsaya kan yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli yana neman ragi, an sallama kuma ya nemi gyara. Ku dubi aikin da ke bayan wannan farantin. Uwarta ta auno gyaɗa, ta soya, ta murje, ta sheƙe, ta kai inji ta biya, ta tsaya kan turmi tana juya tunkuza da ruwan zafi har mai ya fito, sannan ta mulmula ta soya da itacen da ta saya. Sau da yawa man ne ke mayar mata da uwar kuɗi, ƙuli-ƙulin shi ne ribar. Gyaran nan guda biyu da ka ɗauka daga kuɗin cefanen gidan ya fito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi rahama ga mutum mai sauƙin kai idan ya sayar, idan ya saya, da idan yana neman haƙƙinsa. Ciniki halal ne, amma idan mai ƙaramin jari ta ce "albarka" sau biyu, ka biya ko ka wuce da kyakkyawar magana.

Kuɗin da aka kashe a gari ba ya tsayawa a hannu ɗaya. Dubu goman da ka ba telan unguwa, kafin la'asar wani abu daga ciki ya je wurin mahauci, wani ya je wurin mai inji, wani kuɗin Laraba ne na malamin allo, yaron shagon ma ya samu na abinci. Idan mai ginin gida ya yo odar ƙofofi da tagogi daga birni alhali ga mai walda a bakin tasha yana zaune, almajiran sana'ar da ke ƙarƙashinsa su ne za su watse, su tafi ci-rani ko su zauna a majalisa. Ba haramun ba ne a sayo abu daga nesa, wani abin ma dole sai can. Amma ɗinkin Sallah, kujerun makarantar Islamiyya, bulo, fartanya, man gyaɗa, daddawa, a fara tambaya a gida. Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Maƙwabcin nan kuma bai zama dole ya kasance ɗan ƙabilarka ko addininka ba. Annabi ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir sa'i 30 da ya karɓar wa iyalinsa.

Ku kuma masu sana'a, ku ji tsoron Allah, don wasu da hannunsu suke korar mutanen gari. Telan da ya san ƙarfinsa ɗinki 40 ne kafin Sallah ya karɓi 70, ya ci kafin alƙalami, ranar idi yaro na kuka uba na zagi, shi ya tura mutane sayen ɗinkakku. Mai awo da ke da mudu biyu, babba na saye da bugagge na sayarwa, shi Suratul Muɗaffifina ta buɗe da yi wa alkawarin azaba. Mai zuba kyakkyawan wake a bakin buhu, mai ƙwari a ƙasa, ya tuna ranar da Annabi ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. A ƙaramin gari ha'inci ɗaya ya isa, kafin magariba kowa ya ji. Kuma ku raba aljihu da akwatin ciniki. Mai shagon da ke zarar kuɗin cefane, gudunmawar biki da kuɗin magani kai tsaye daga akwati ba tare da rubutawa ba, shi ma yana cikin masu cin bashin shagonsa. Ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka a rana, ya ƙirga kaya ko da sau ɗaya a wata.

Ƙaramin gari da manomi yake numfashi. Idan kaka ta yi masa kyau, tela da maƙeri da mai shago duk sun gani a jikinsu. Shi ya sa shari'a ta hana tare masu kawo kaya a hanya. Wanda ke tsayawa bayan gari da asuba ranar kasuwa ya saye buhun manomi kafin ya ji farashin ranar, ya shiga abin da aka hana, manomin kuma yana da zaɓin warware cinikin a wurin malamai da dama idan ya iso kasuwa ya ga an cuce shi. Haka saye hatsi a kulle a sito lokacin da mutane ke nema don farashi ya tashi, Annabi ya ce mai saɓo ne kaɗai ke yin haka. Wanda ya saya da kaka lokacin da kaya ya yi yawa, ya fito da shi lokacin buƙata ba tare da ƙuntata wa kowa ba, hukuncinsa daban ne.

Akwai kuma ba-da-kaka, inda ake ba manomi buhu ɗaya da damina lokacin da rumbu ya ƙare, a karɓi biyu bayan girbi. Wannan riba ce irin wadda shari'a ta haramta, wato bashi da ruwa, ko da wane suna aka kira ta. Hanyar da shari'a ta buɗe ita ce cinikin salam, wato a biya kuɗin kaya yanzu a karɓi kayan daga baya. Annabi ya iske mutanen Madina suna yin sa, ya ce a yi shi da sanannen awo, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Mai kuɗi zai biya kuɗin duka tun farko, Malikiyya sun yi rangwamen jinkiri na kwana uku kawai. A faɗi irin hatsin, misali farar masara busasshiya, a faɗi yawansa da tiya ko kilo, don "buhu" kaɗai ba awo ba ne, wani ya fi wani ciki. A sa ranar kawowa da wurin da za a sauke, wa'adin kuma a wurin Malikiyya kada ya gaza kwana 15. Ba a ɗaura cinikin a kan amfanin wata gona takamaimai, don fari ko ambaliya na iya cinye ta, sai dai a kan siffar kaya a wuyan manomi. A rubuta, a sa shaidu biyu. Farashin kuma kada a karya shi don an ga manomi na neman kuɗin taki ido rufe, a dubi abin da masara ta saba yi da kaka a kasuwar yankin a tsaya kusa da shi.